Makhaya Ntini: Daga Kiwon Shanu a Mdingi zuwa Filin Lord's

Da a ce layin da Faransa da Ingila suka shata a yarjejeniyarsu ta 1898 ya zauna yadda yake, da wataƙila yaran Dogon Dutsi da Tibiri sun taso da sanin wani wasa da ake kira kurket. Wancan layi ya bi tsakiyar Dallol Mawri, sa'an nan ya karkata ya kewaye Sakkwato da nisan mil 100, ya bar wani yanki babba na ƙasar Arewa a ɓangaren Ingilishi. Gyare-gyaren 1904 da 1906 ne suka mai da yankin hannun Faransa. Kowane ɗan mulkin mallaka kuwa da harshensa ya zo, da dokarsa, da wasanninsa. A Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ɗalibai irin su Ahmadu Bello sun buga kurket, amma a lakwal ɗin Faransa ba a ko ji sunansa ba. Har yau rabon yana nan: samarin Nijeriya ƴan ƙasa da shekara 19 sun je gasar kurket ta duniya a 2020, alhali a Nijar kokawa da ƙwallon ƙafa ne ke cika fili.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan sunan Makhaya Ntini baƙo ne a kunnen mai karatu. Shi ne baƙar fata na farko ɗan asalin ƙasa da ya buga wa Afirka ta Kudu babban wasan kurket, kuma yaro ne makiyayi da ya tashi a bayan shanu ba takalmi. Yawancin masu ba da labarinsa nan suke tsayawa, su mai da shi kamar tatsuniya: wai an tsinci zinariya a cikin turɓaya. Wannan labari yana da daɗin ji, amma ya rage wa tarihi mudu. Kurket ya fi shekara ɗari a yankin su Ntini kafin a haife shi, kuma an yi gwanaye a can waɗanda suka tsufa suka mutu ba a bar su sun saka rigar ƙasa ba.

Kafin a shiga labarin, ya kamata a ɗan fayyace wasan. Ƙungiya biyu ce, kowace da mutum 11. A tsakiyar fili akwai wani tsiri mai tsawon mita 20 da ɗan ɗoriya, an kafa turaku uku a kowane ƙarshensa. Mai bugu yana tsayawa gaban turakun da katako mai faɗi a hannu, yana kare su, yana kuma neman maki. Mai jifa yana tahowa a guje daga ɗaya ƙarshen, ya wurgo ƙwallo ta saman kafaɗa ba tare da ya miƙe gwiwar hannu irin ta mai jifan tsuntsu ba, ƙwallon ta daki ƙasa ta taso. Idan ta buge turaku, ko aka cafe ta a sama bayan ta taɓa katako, ko ƙafar mai bugu ta tare ta a kan hanyar turaku, to an fitar da shi, wani ya shigo. In an fitar da mutum goma, zubi ya ƙare, sai a yi musanya. Ƙwallon ba ta roba ba ce: dunƙule ce mai tauri da aka naɗe da fata aka ɗinke, nauyinta wajen giram 160. Masu zafin jifa suna sakin ta da gudun da ya kai kilomita 140 a awa ko fiye, ta yadda mai bugu ba ya da ko cikakkiyar daƙiƙa guda ta yanke shawara. Tana karya yatsa, tana fasa haƙarƙari. Babban wasan ƙasa da ƙasa, wanda ake kira Tes, kwana biyar ake yi, kowace ƙungiya zubi biyu. Akwai kuma na yini guda.

Aikin mai zafin jifa shi ne mafi wahala a filin. Yana iya yin jifa 120 ko fiye a yini ɗaya cikin rana, kowace jifa da gudunta, kowace da dirarta a kan ƙafa guda da nauyin da ya ninka na jikinsa. Shi ya sa a Ingila ta dā, inda aka raba ƴan wasa gida biyu, masu hali da masu neman abinci, galibi ƴaƴan manya suka fi son bugu, suka bar wa ƴaƴan leburori jifa.

Kurket ya shiga ƙasar masu harshen Xhosa, wato harshen Nelson Mandela, tun ƙarni na 19, ta hannun sojojin Ingila da makarantun mishan irin su Lovedale da Healdtown. A 1884 ƙungiyoyin baƙar fata na garuruwan gabashin Kep sun riga sun fara gasa tsakaninsu. A wannan shekara ce John Tengo Jabavu ya kafa jaridar Imvo Zabantsundu a garin King William's Town, wanda tun 2021 ake kira Qonce, kuma jaridar ta riƙa kawo labarin wasannin. Daga makarantu wasan ya gangara ƙauyuka, ma'aikatan da ke dawowa hutu daga mahaƙar zinariya suka ƙara masa ƙarfi. Aka sami gasar ƙauyuka ta ƙarshen shekara da ake kira Amacal'egusha, ma'ana ɓarin tunkiya, domin nama ne ladan nasara. Duk wanda ya ga yadda ƙauyukan Arewa ke haɗuwa kokawa bayan an kai amfanin gona rumbu zai gane irin wannan taro ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Sai dai ƙungiyar ƙasa, wadda ta fara wasan Tes a 1889, ta fararen fata ce. A 1894, da za a tafi Ingila, masana wasan sun yarda cewa Krom Hendricks, wani ruwa-biyu na Cape Town, yana cikin mafi zafin jifa a ƙasar. Aka cire sunansa saboda launinsa, da hannun William Milton, na hannun daman Cecil Rhodes. Bayan shekara 74 aka maimaita irin wannan da Basil D'Oliveira, wanda ya yi ƙaura zuwa Ingila don ƙasarsa ta hana shi wasa. Da Ingila ta sa shi cikin ƙungiyar da za ta ziyarci Afirka ta Kudu a 1968, firayim minista John Vorster ya ce ba zai karɓe ta ba. Tafiyar ta rushe, daga 1970 kuma duniya ta juya wa ƙasar baya. Ba a sake karɓar ta ba sai 1991, bayan sakin Mandela da haɗe hukumomin kurket na farare da na baƙaƙe wuri guda.

Ana tsakiyar wannan ƙaurace wa ne aka haifi Ntini, ranar 6 ga Yuli 1977, a ƙauyen Mdingi kusa da King William's Town. Shekarar ce kuma aka kashe Steve Biko, ɗan wannan gari, a hannun ƴan sanda. Ntini ya yi kiwo tun yana ƙarami. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin yadda, da sanyin asuba, shi da abokansa kan tsoma ƙafafu cikin ɗanyen kashin shanu don su ji ɗumi. Yana da kimanin shekara 15 wani jami'in raya kurket na yankin Border, Raymond Booi, wanda aikinsa ke nan zagaya ƙauyuka, ya ba shi ƙwallo ya ce ya jefa. Abin da ya gani ya sa ya kai maganar ga shugaban shirin, Greg Hayes. Aka saya wa yaron takalmi, aka sama masa gurbi a Dale College, tsohuwar makarantar fararen fata mai filaye da masu horarwa. Ya shiga da ƙyar yake haɗa jimlar Ingilishi. A 1995 ya bi ƙungiyar matasan ƙasa zuwa Ingila, a ƙarshen shekarar kuma ya fara buga wa Border wasan manya.

A nan akwai abin lura ga malamai. Hannun Ntini da huhunsa daga Mdingi suka zo, amma sai da aka ɗauke shi daga Mdingi kafin su yi amfani. Ba a kai fili da kayan wasa ƙauyen ba tukuna, yaron aka kai inda kayan suke. Wannan hanya ta fitar da mutum guda cikin sauri, ta bar sauran tsaransa inda ta same su.

A Janairu 1998 ya buga wasan yini guda na farko a Perth ta Ostiraliya, da ƙungiyar Niyu Zilan. A Maris na shekarar, a filin Newlands na Cape Town, ya shiga wasan Tes da Siri Lanka, shekara 109 bayan wasan farko na ƙasarsa. Wanda ya fara fitarwa shi ne Aravinda de Silva, ɗaya daga cikin gwanayen bugu na zamanin. Yana da shekara 20, kuma tun ranar aka ɗora masa kayan da ba a ɗora wa sauran ba. In ya yi kyau, a ce sabuwar Afirka ta Kudu ce ta yi kyau. In ya kasa, a ce dama don launinsa aka sa shi, domin a lokacin gwamnati na matsa wa hukumar kurket lamba ta daina fitar da ƙungiyar farare zalla.

Shekara guda bayan haka tafiyar ta kusa yankewa. Wata budurwa ta kai ƙararsa da zargin fyaɗe, kotu ta same shi da laifi a Afrilu 1999, aka yanke masa ɗaurin shekara shida, aka cire shi daga ƙungiyar da za ta gasar duniya. Ya ɗaukaka ƙara, babbar kotu ta soke hukuncin a Oktoba na wannan shekara. Shari'ar ta raba kan jama'a ƙwarai: ƙungiyoyin kare mata sun soki hukumar kurket kan yadda ta tsaya masa, wasu kuma suka ga an yi gaggawar yanke masa hukunci. Ya dawo ƙungiyar ƙasa a 2000. A Nuwamba na shekarar, a Bloemfontein, a kan fili mataccen da ba ya taimakon mai jifa, ya fitar da mutum 6 na Niyu Zilan a zubi guda a kan maki 66. Daga nan ya kafu.

Salon jifarsa ba irin na littafi ba ne. Ya taso yana kwaikwayon Malcolm Marshall na Barbados, amma bai sami dabarar Marshall ta karkatar da ƙwallo a iska ba. Maimakon ya saki ƙwallo daga kusa da turaku kamar yadda ake koyarwa, sai ya yi tsalle can gefe, ƙwallon ta taho a karkace ta nufo jikin mai bugu. Masu horarwa sun yi ta ƙoƙarin gyara wannan, domin yana rage masa damar fitar da mutum ta hanyar tare ƙafa. Bai gyaru ba. Abin da yake da shi wanda babu kamarsa a ƙungiyar shi ne juriya. Allan Donald ya fi shi gudun ƙwallo, Shaun Pollock ya fi shi daidaito, amma in rana ta take, fili ya mutu, kowa ya gaji, Ntini ake miƙa wa ƙwallo, kuma jifarsa ta la'asar ba ta bambanta da ta hantsi. Da wuya a ji ya ji rauni, abin da ba a saba gani ba ga masu wannan sana'a.

Ranar da ta fi kowace a tarihinsa ta zo a filin Lord's na Landan, wanda Ingilishi ke ɗauka a matsayin gidan kurket na duniya. A ɗakin sauya tufafi na filin akwai alluna da ake rubuta sunan duk wanda ya ci maki 100, ko ya fitar da mutum biyar a zubi, ko goma a wasa. Daga 31 ga Yuli zuwa 3 ga Agusta 2003, Ntini ya fitar da mutum 5 a kan maki 75 a zubin farko, ya ƙara 5 a kan 145 a na biyu. Sabon kyaftin, Graeme Smith, mai shekara 22, ya ci maki 259, Afirka ta Kudu ta yi nasara ba tare da ta sake zubi ba. Babu ɗan ƙasar da ya taɓa fitar da goma a Lord's kafin shi, fari ko baƙi. Da na goman ya faɗi, Ntini ya durƙusa ya sumbaci ƙasar filin. A wannan gari ne, shekara 109 da suka wuce, aka so kawo Krom Hendricks aka hana.

Shekaru uku da suka biyo baya su ne ganiyarsa. A Afrilu 2005, a Port of Spain ta tsibirin Trinidad, ya fitar da mutum 13 na ƙungiyar tsibiran Karibiyan a kan maki 132, shida a zubin farko, bakwai a na biyu, lissafi mafi kyau da wani ɗan Afirka ta Kudu ya taɓa samu a wasa guda. A Maris 2006 ya fitar da mutum 6 na Ostiraliya a kan maki 22 a wasan yini guda a Cape Town, zakarun duniya suka tashi da maki 93 kacal. Bayan kwana tara, ranar 12 ga Maris, aka yi wasan da har yau ake labarinsa a Johannesburg: Ostiraliya ta ci 434, adadin da ba a taɓa kaiwa ba, Afirka ta Kudu ta biyo sawu. Ntini, wanda bugu ba sana'arsa ba ce, shi ne mutum na ƙarshe da ya shigo, saura maki biyu, jifa uku, Brett Lee ne riƙe da ƙwallo. Ya goga ta gefe ya ci maki ɗaya aka yi kunnen doki, Mark Boucher ya ƙarasa. A cikin makonnin da suka biyo ya sake fitar da goma a wasan Tes da Ostiraliya, ya kuma yi haka da Niyu Zilan. A waɗannan shekaru yana cikin ƴan wasan da jama'ar ƙasar suka fi ƙauna, har a unguwannin da ƙwallon ƙafa kaɗai ake kallo.

Yana cikin ƙungiyar da ta ci Ingila a gida a 2008, ta kuma ci Ostiraliya a gida karo na farko a ƙarshen shekarar. Amma a lokacin Dale Steyn ya zama jagoran jifa, gudun ƙwallon Ntini kuma ya fara raguwa, ga shi ba shi da dabarun da tsofaffin majefa ke fakewa da su. A Disamba 2009 ya buga Tes na 100 a Centurion, Mandela ya aiko masa da saƙon taya murna. Wasan ya zo ƙarshe saura mutum ɗaya a fitar, Smith ya ba shi jifa shida na ƙarshe don ranarsa ce, Graham Onions na Ingila ya tare su duka, aka tashi ba nasara. A wasa na gaba a Durban bai fitar da kowa ba. Aka ajiye shi, ba a sake kiransa ba. Ya yi Tes 101 ya fitar da mutum 390, ya yi wasan yini guda 173 ya fitar da 266. An yi masa wasan ban kwana da Indiya a Durban a Janairu 2011.

Duk tsawon shekarun nan an san shi da fara'a, da waƙa da ihu a fili, da kuma wata al'ada: sau da yawa ba ya shiga motar ƙungiya, sai ya ba direba jakarsa ya tafi filin wasa a guje, ya dawo masauki a guje. Aka ɗauka son motsa jiki ne, aka riƙa yaba masa. Sai a Yuli 2020, lokacin da maganar wariyar launi a wasanni ta sake tashi, matashin majefi Lungi Ngidi ya sha suka daga wasu tsofaffin ƴan wasa farare, Ntini ya yi magana a gidan talabijin na ƙasa, SABC. Ya ce kaɗaici yake gudu. Ya ce ana shirya fita cin abincin dare a gabansa ba a gayyace shi, ba mai ƙwanƙwasa masa ƙofa, in ya zauna a bayan mota a koma gaba. Wasu abokan wasansa suka ce ba su sani ba, sun kuma yi mamaki. Mai yiwuwa gaskiya suka faɗa, domin wanda ke cikin inuwa bai cika sanin zafin da na rana ke sha ba. Abin da ba ya da gardama shi ne lissafi: a mafi yawan wasanninsa 101, shi kaɗai ne baƙar fata ɗan asalin ƙasa cikin mutum 11, a ƙasar da irinsa suka kai kashi huɗu cikin biyar na jama'a.

Waɗanda aka sa ran za su taya shi ba su daɗe ba. Mfuneko Ngam, ɗan gabashin Kep mai zafin jifa ƙwarai, Tes uku kawai ya yi daga 2000, tsagewar ƙashi ta gama da shi. Monde Zondeki, wanda shi ma ya bi ta Dale College, rauni ya hana shi zama. Sai bayan Ntini ya sauka aka sami jerin da ya tsaya: Temba Bavuma a 2014, Kagiso Rabada a 2015, Ngidi a 2018. Hanyarsu ma ta manyan makarantu ce masu tsada. Rabada ɗan likita ne da ya yi St Stithians a Johannesburg, Ngidi kuwa, wanda iyayensa masu aikin gida ne, tallafin karatu ya kai shi Hilton College. Ƙauyukan Amacal'egusha, inda wasan ya fi zurfin saiwa, ba su ne ke cika ƙungiyar ƙasa ba.

A Yuni 2025 Afirka ta Kudu ta koma Lord's don wasan ƙarshe na gasar Tes ta duniya da Ostiraliya. Bavuma, ɗan unguwar Langa ta Cape Town, shi ne kyaftin. Rabada ya fitar da mutum 5 a zubin farko da 4 a na biyu, Ngidi ya fitar da 3 a na biyun, Aiden Markram ya ci maki 136, Bavuma ya ci 66 yana ɗingishi da ciwon cinya. Ranar 14 ga Yuni suka ɗauki kambun, babbar gasar duniya ta farko da ƙasar ta ci tun 1998, shekarar da Ntini ya fara saka rigarta.